Ratse a wasannin RPG: yawan mishan ba shi ne daɗin gem ba

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. An ce na mako biyu ne, amma mu a yankin Gummi, Bukkuyum da Anka sai da muka haura wata biyu babu kira, babu intanet. Waya ta koma tocila da rediyo. Ni abin da ya rage mini a cikinta shi ne manhajar PPSSPP, wadda ke buɗe wasannin PSP a kan Android, da wani gem da abokina ya tura mini ta Xender mai suna Crisis Core: Final Fantasy VII.

Wasan yana da babban labari, sannan a gefe yana da ƙananan mishan har 300 waɗanda ba dole ba ne ka yi su. Tunda ba ni da abin yi, na zauna na cinye mafi yawansu. Yau idan ka tambaye ni labarin Zack, jarumin wasan, zan ba ka shi tiryan-tiryan har yadda ya ƙare. Amma ka ce in faɗa maka abin da ya faru a mishan guda biyar cikin waɗancan 300, wallahi ba zan iya ba. Ka shiga kogo, ka kashe dodo, ka buɗe akwati, ka fito. Gobe ma haka.

Tun daga lokacin nake juya wannan tambaya: waɗannan ƙananan mishan na gefe gyara gem suke yi ko ɓata shi? Yanzu da na fara koyon haɗa gem da kaina, na samu amsar da ta gamsar da ni, kuma ita zan kawo a nan.

Mene ne ratse?

Ga wanda bai saba ba, RPG shi ne irin gem ɗin da kake zama wani mutum a cikin wata duniya, kana ƙara ƙarfi da kayan aiki sannu a hankali, kana bin labari har ƙarshensa. A irin wannan wasa akwai babbar hanya, wato mishan ɗin da sai ka yi su labari zai ci gaba. Sai kuma waɗanda ke gefen hanya: wata tsohuwa ta ɓatar da abu, wani manomi dodo ya hana shi shiga gonarsa, wani yana neman a kai masa saƙo.

Ni ratse nake kiran su. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gummi zuwa Gusau ya san ratse iri biyu ne. Akwai wanda direba zai tsaya a Daki Takwas ku sha ruwa, ku ji labarin hanya, ka sauka ka miƙe ƙafa. Akwai kuma wanda zai yi ta zagaye da ku cikin gari yana neman ƙarin fasinja alhali mota ta cika, rana tana yi. Na farko yana cikin daɗin tafiya. Na biyu lokacinka ake ci don amfanin wani.

Matsayina a taƙaice: ratse yana gyara gem idan ya sanar da kai wani abu game da duniyar wasan, ko ya bar alama a cikinta. Yana ɓata gem idan an saka shi ne don kawai a ce wasan yana da tsawo. Kuma abin takaici, nau'i na biyu ya fi yawa, don ya fi arha wurin haɗawa.

Kaskon tsohuwa

Bari in fara da mai kyau. A cikin The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a 2015, akwai wani ɗan ratse tun a farkon wasa. Na buga shi a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu, tana yi tana ɗaukar zafi. Za ka tarar da wata tsohuwa a bakin wata bukka tana mita: wani baƙo ya ari kaskon suyarta, ya shige ciki, bai dawo da shi ba. Roƙonta ɗaya, ka ɗauko mata kaskonta.

A ido wannan shi ne mafi rainin aike da za a yi wa jarumin da ke farautar dodanni. Amma da ka fasa ƙofa sai ka tarar da gawa, da takardun da aka ƙona, da kaskon an kankare shi tas. Ashe baƙon ɗan leƙen asiri ne, baƙin gindin kaskon ya kankare ya haɗa tawada ya rubuta wasiƙun sirri. Duk wanda ya yi makarantar allo zai yi murmushi a nan, don mun san yadda ake samun tawada daga baƙin tukunya da ƙaro.

Minti biyar ne kacal. Ladan da tsohuwar ke bayarwa ɗan abinci ne. Amma cikin minti biyar ɗin ka gane cewa ƙasar tana cikin yaƙi, kuma yaƙin ya shigo har madafar talaka ba tare da ta sani ba. Babban labari ba zai tsaya ya nuna maka wannan ba, don yana sauri. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ratse mai kyau shi ne ke mayar da kai ɗan gari a duniyar da ka shigo a baƙo.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. A Mass Effect 2 na 2010, abokan tafiyarka suna da matsalolinsu na ƙashin kai, kowa zai roƙe ka ka taimaka masa. Kana iya ƙi. Amma a yaƙin ƙarshe, wanda ba ka tsaya masa ba ya fi kusa da mutuwa, kuma idan ya mutu ya mutu ke nan, har a wasa na gaba ba za ka gan shi ba. A Final Fantasy VII na 1997 kuwa akwai mutum biyu, Yuffie da Vincent, da za ka iya gama wasan gaba ɗaya ba ka taɓa sanya su cikin tawagarka ba. Wannan shi ne zaɓi na gaskiya: ka yi, wani abu ya canza, ka bari, ka rasa wani abu, amma hanya a buɗe take.

Yadda na haɗa mishan 1,000 a dare ɗaya

Yanzu ga mummunan, kuma da kaina zan fara. Ban yi jami'a ba. Bayan sakandare na koyi rubuta manhaja ne ta bidiyo da karance-karance, ina saukewa da tsakar dare lokacin da data ta fi sauƙi. Bara na fara gwada haɗa wani ɗan ƙaramin RPG da Godot, injin haɗa gem na kyauta wanda har a wayar Android ana iya buɗe shi. Na sa labarin a wani ƙauye na ƙirƙira a bakin gulbi, irin namu.

Da na ga wasan ya yi gajarta, sai dabara ta zo mini. Na rubuta jeri uku. Na farko mutum 10: mahauci, maƙeri, mai fura, masunci da sauransu. Na biyu kaya 10: wuƙa, ƙwarya, akuya, fatanya. Na uku wuri 10: kasuwa, bakin gulbi, tsohuwar rijiya. Sai na rubuta 'yan layuka da za su ɗauki ɗaya daga kowane jeri su haɗa jimla: wane ya ɓatar da kaza a wuri kaza, je ka ɗauko. Goma sau goma sau goma, mishan 1,000 ke nan. Ban kai awa uku ina aikin ba. Na kwanta ina jin kaina wani babban injiniya.

Da safe na miƙa wa ƙanena waya. Ya yi na farko, ya yi na biyu, ya yi na uku. A na huɗu ya ajiye wayar ya ce, "Yaya, wanga ai aike guda na, suna ɗai kaka sakewa." Ya fita wurin ƙwallo.

Abin da na yi a ɗakina shi manyan kamfanoni ke yi da ƙwarewa. Skyrim na 2011 yana da tsarin da ake kira Radiant, wanda ke ƙirƙiro irin waɗannan aike ba iyaka. A Fallout 4 na 2015 akwai wani mutum mai suna Preston Garvey da ya zama abin barkwanci a duniyar 'yan gem, saboda duk sanda ka dawo wurinsa sai ya sake tura ka wani ƙauye da ke neman agaji, abu ba ya ƙarewa. Dalilin a fili yake. Ratse irin na kaskon tsohuwa sai an biya marubuci, da mai zane, da mai ɗaukar murya, da mai gwaji. Ratse irin nawa kuwa kwamfuta ce ke haifar shi kyauta. A bayan kwali duka biyun "mishan" za a rubuta, kuma 1,000 ya fi 10 cika ido a talla.

"Ai ba dole ba ne"

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce: idan ba ka so ka wuce mana, wa ya tilasta maka? Hujja ce mai ƙarfi, da a ce kullum gaskiya ce. Matsalar ita ce wasanni da yawa suna kiran abu zaɓi alhali sun rufe ƙofa.

Dubi Assassin's Creed Odyssey na 2018. Kowane yanki da kowane babban mishan yana da matakin ƙarfin da ake son ka kai. Idan ka bi babban labari kawai, akan kai wurin da abokan gaba sun fi ka mataki, sai ka koma gefe ka tara maki. A cikin shagon wasan kuma akwai abin da ake sayarwa da kuɗi na gaske wanda ke sa makinka ya riƙa hawa da sauri. 'Yan gem da yawa sun yi ƙorafi a kan haka a lokacin. Ka duba lissafin da kyau: an tsawaita maka hanya, sannan ana sayar maka da gajeriya.

A waya abin ya fi fitowa fili. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, kyauta ake sauke shi, kuma gaskiya yana da wasu labaran gefe masu kyau ƙwarai. Amma yana da ƙananan ayyuka huɗu da ake ba ka kullum, waɗanda idan ka gama su duka za ka samu duwatsun wasan guda 60. Jefa ƙuri'a ɗaya don neman sabon jarumi tana cin 160. Wato kusan kwana uku kana zuwa aiki kafin ka samu jefawa ɗaya, kuma babu tabbacin abin da zai fito. Wanda ya gaji da jira sai ya sa kuɗi. Irin wannan ratse ba don labari aka yi shi ba. An yi shi ne don ka saba buɗe wasan kullum, ka riƙa jin kamar ka yi asara ranar da ba ka shiga ba. Duk gem ɗin da ya kai ka ga jin haka, ka tsaya ka tambayi kanka wa ke wasa da wani.

Lokacinmu da kuɗi muke sayen sa

Ga abin da masu sharhin gem na Amurka da Turai ba sa sakawa a lissafi. Su idan ratse ya ci musu awa biyu, awa biyu kawai suka rasa. Mu a nan awa biyun tana da farashi. Waya ka kai ta shagon caji ka biya, ka jira. Gem mai nauyi yana zuƙe batir cikin ɗan lokaci, waya ta yi zafi kamar dutsen guga. Idan mai buƙatar intanet ne, data na tafiya, kuma tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa. Wanda ke buga wa a gidan gem kuwa, agogo ne a kansa, ga na bayansa yana jiran hannu.

Saboda haka idan gem ya tura ni tsinko ganye 20 a wani daji don kawai in kai matakin da zai bar ni in ga ci gaban labari, ba haƙurina kaɗai ya ci ba, har da kuɗin cajina. Shi ya sa nake ganin mu ne ya kamata mu fi kowa tsanani wurin auna ratse.

Inda masu ɗaya ra'ayin suka yi gaskiya

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya sa nake sassauta murya. Waɗancan mishan 300 na Crisis Core da na ce ban tuna ko ɗaya ba, su ne suka riƙe ni a watannin da babu layi, babu labarin 'yan uwa na nesa, ga zaman ɗar-ɗar. A lokacin ba labari mai zurfi nake nema ba. Abin da zan sa hannu a kai in daina tunani nake so, kuma sun ba ni. An kuma gina su ne gajeru don na'urar hannu, ka yi ɗaya cikin 'yan mintuna ka ajiye. Ga wanda gem ɗaya gare shi a waya, kuma ba shi da datar sauke wani, tsawo ma alheri ne.

Don haka ban ce a hana maimaici ba. Abin da nake cewa shi ne a ajiye shi inda ya dace, a gefe na gaskiya, kada a ɗaura shi a wuyan babban labari. The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 ya nuna yadda ake yi. An ɓoye wasu 'ya'yan itace har 900 a faɗin duniyar wasan. Ba ka buƙatar ko rabinsu don faɗaɗa jakarka har ƙarshe, kuma wanda ya nace ya tattara duka 900, kyautar da ake ba shi wani ɗan tulin zinare ne mai siffar kashi, wanda ba ya aikin komai. Masu wasan da kansu suna gaya maka cikin raha cewa ba a sa ka ba.

Akwai kuma ƙorafin cewa ratse yana kashe zafin labari. A Fallout 4 an sace maka jariri, amma kana iya share kwanaki kana gina katanga a ƙauyen wasu. A The Witcher 3 Geralt yana neman Ciri, yarinyar da ya raina, ana bin ta za a kama, shi kuma ya zauna buga kati a mashaya. Wannan aibi ne na gaske, amma laifin marubuci ne da ya ce maka gobara ta tashi sannan ya buɗe maka kasuwa. Elden Ring na 2022 ya bi wata hanyar: babu jerin mishan da ke cika maka allo, mutum za ka haɗu da shi a hanya ya faɗi damuwarsa, in ka ga dama ka bi. Wanda ya bi labarin Ranni har ƙarshe ma yana iya samun wani ƙarshen wasa na daban.

Turmin Inna

Bayan abin da ƙanena ya yi mini, na goge mishan 1,000 ɗin nan gaba ɗaya. Na zauna mako biyu a kan guda ɗaya.

Wata tsohuwa, Inna, ta roƙe ka ka karɓo mata turminta da maƙwabci ya ara. Ka je, ka tarar da turmin, amma cikinsa akwai wata ƙura da ba ta hatsi ba. Idan ka bincika sai ka gane dutsen zinare aka daka a ciki. Duk ɗan Anka ko Bukkuyum ya san inda na ɗauko wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, saboda ana kawo duwatsun ma'adinai cikin gida ana daka su ana niƙawa a inda yara ke wasa, a inda ake girki.

A wasan kana da zaɓi. Ka mayar wa Inna turminta ka yi shiru ka karɓi ladanka. Ko ka gaya mata gaskiya, ta rasa turmin da ta gada, maƙwabcin kuma ya daina yi maka magana, alhali shi ne mai kwalekwalen da ke tsallakar da kai gulbi kyauta. Idan ka yi shiru, can gaba in ka dawo ƙauyen za ka tarar jikarta ba ta fito wasa ba.

Na sake miƙa wa ƙanena. Ya daɗe yana kallon allo bai taɓa komai ba. Sai ya ɗago ya ce, "Yaya, in na faɗa mata, wa za ya ƙetare da ni?" Na ce shi ne tambayar. Har yau wasan bai kammala ba, hotunansa ma abin dariya ne, amma ranar na san na kama hanya. Kuma ba mu kaɗai ke wannan ƙoƙari a Afirka ba: Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da RPG ɗinsu, Aurion, tun 2016. Ranar da namu zai fito, da tarihin Sarauniya 'Yargoje ko na tsohuwar daular Zamfara, ina fata ba za mu cika shi da aiken banza don mu yi gasar tsawo da wasu ba.

Kafin ka karɓi mishan na gaba

Ga tambayoyi uku da nake yi wa kowane ratse yanzu, ko ina bugawa ko ina haɗawa.

Na ɗaya: idan na gama, zan san wani abu game da mutanen wannan duniya da ban sani ba a da?

Na biyu: akwai wanda zai tuna na yi, ko abin da zai canza saboda na yi?

Na uku: idan na ƙi yi, wasan zai bar ni in wuce, ko zai tare ni har sai na yi ko na biya?

Idan amsar biyun farko a'a ce, kuma ta ukun ita ce zai tare ka, to wannan ba ratse ba ne, direba ne ke zagaye da kai yana neman fasinja. Ka wuce shi, in kuma wasan ya ƙi barin ka, ka goge shi ka samu wurin ajiye wani. Batirin da ka biya ka cika ya fi ƙarfin tsinko ganye 20.